Batir sabo fil, amma kullum sai an tura mota

Abban Nana: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, don abin ya ishe ni. Corolla ce ƴar 2008, mai giyar hannu. Wata uku ke nan da na sa mata sabon batir, 60 Ah (ma'aunin yawan wutar da yake ajiyewa), jika 45 na sefa na biya, resi na nan a aljihuna. Watan farko lafiya lau. Daga baya in na ajiye ta Juma'a da yamma, ran Litinin sai ta ƙi tashi: ka murɗa makulli ka ji ƙat-ƙat-ƙat, fitilun tablo su dushe. Yanzu kuwa ko kwana ɗaya ta yi sai an tura. Yaran unguwarmu a Yantala, nan Yamai, har sun haddace lokacin fitata, kafin in fito suna tsaye a ƙofar gida. Batir ɗin ne jabu, ko wani abu ne can daban?

Taksiman Bukoki: Wa'alaikumus salam. Bagobiri ya sayi batir, me kake jira ban da kuka? Na san ka, mai araha ka nema. Ka mayar wa mai shi kawai.

Abban Nana: Zabarma, jika 45 ce araha? Kai da taksinka ke tashi da addu'a.

Alhaji Mai Batir: Kafin a fara zagin masu sayarwa, a bari in ce wani abu. Shekara da shekaru ina wannan sana'a. Cikin masu dawo mini da batir suna faɗa, mafi yawansu in na sa shi caji ya kwana, da safe garau yake. Motarsu ce ke kashe shi. Ban ce babu jabu a kasuwa ba, akwai, akwai kuma wanda ya daɗe a shago har ya fara lalacewa tun ba a saye shi ba. Amma a gwada tukuna.

Hajiya Mariyama: Alhaji, ai ba mai cewa nononsa ya yi tsami.

Baba Sule Elektirisiyan: Salamu alaikum. Abban Nana, kada ka sayi komai, kada ka mayar da komai. Ka ɗauki batir a matsayin randar gidanka. Ka wayi gari randa ba ruwa, abu uku ne: ko randar ta tsage, ko mai garuwa bai cika ta ba, ko wani na ɗiba da dare. Kai tun yanzu ka yanke hukunci randa ce ta tsage, alhali ba ka leƙa ba. Kana da mita, na'urar auna wuta?

Abban Nana: Akwai ta ƙanena da yake gyaran waya, ƴar rawaya. Ban iya aiki da ita ba, Baba.

Baba Sule Elektirisiyan: Ta isa. Ka juya ta kan 20 V, gefen da aka ja layi miƙaƙƙe, ba gefen da layin ya yi lanƙwasa kamar maciji ba. Jan waya kan +, baƙi kan −. Ka ɗora su a kan dalmar batir ɗin kanta, ba a kan kos ba, wato ƙarfen da ke ɗaure waya a kan dalmar. Lamba uku nake so. Ta farko gobe da safe kafin ka taɓa makulli. Ta biyu lokacin da wani ke murɗa makulli. Ta uku bayan mota ta tashi, sannan ka kunna kilim da manyan fitilu ka sake dubawa.

Taksiman Bukoki: Duk wannan wahalar ta mece ce? Ka tayar da mota, ka cire kos ɗaya tana aiki. In ta mutu altarnater ne, mai yi wa batir caji, in ba ta mutu ba batir ne. Minti ɗaya an gama.

Baba Sule Elektirisiyan: Kul! Abban Nana, kada ka kuskura.

Taksiman Bukoki: Baba, ni da idona na ga kuna yi a garaji.

Baba Sule Elektirisiyan: Mun yi, a kan Fijo 404 da 504, motocin da in ka cire rediyo babu sauran abin ƙonewa a cikinsu. Corolla ƴar 2008 tana da kwamfuta, wadda muke ce wa kalkilater. Batir shi ke danne wutar altarnater. Ka cire shi mota na aiki, wuta na iya yin tsalle a cikin ƙiftawar ido ta wuce abin da kayan ke ɗauka. Wani sa'in ka tsira, wani sa'in ka ƙone diyod ɗin altarnater ko kalkilater ɗin kansa. Kuma ko motar ba ta mutu ba, ba abin da ka gano: altarnater mai rauni na iya riƙe inji, amma ya kasa cika batir.

Habibu Mai Sola: Bari in ƙara wa Abban Nana ma'anar lambobin don ya san abin da zai gani. Batir ɗin mota ɗaki shida ne a ciki, kowane ɗaki bolt 2.1, jimilla 12.6. Bayan ya huta ƴan awoyi: 12.6 cike yake, 12.4 ya sauka kamar kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 rabi, 12.0 saura kaɗan, ƙasa da haka fanko ne. In ka ga wajen 10.5 kuma ko an yi caji sai ya komo can, ɗaki ɗaya ya haɗe a ciki, babu gyara. Lokacin murɗa makulli kada ya faɗo ƙasa da 9.6. Mota na aiki kuma ana son 13.8 zuwa 14.4.

Hajiya Mariyama: To ni abin da ban gane ba, an rubuta 12 a jikinsa, ya nuna 12, kuma ku ce fanko ne?

Habibu Mai Sola: Haka yake Hajiya. 12 ɗin suna ne kawai. Tsakanin cike da fanko bai kai bolt ɗaya ba, shi ya sa ƙwan gwaji ba ya wadatarwa, ko batir ya kusa mutuwa zai kama.

Ɗan Adar: Salamu alaikum jama'a. Ni batun 14.4 ɗin nan shi ya tuna mini wani abu. Wata rana mun taso Yamai za mu Tawa, munka wuce Dosso lahiya, munka wuce Dogon Dutsi. Kamin mu kai Ƙonni sai wari ya cika mota awa ruɓaɓɓen ƙwai. Fasinja kowa na kallon na kusa da shi. Da munka tsaya nib buɗe kapo, batir ya kumbura, shina tahwasa, hannu ba ya taɓuwa. Da anka gwada a Ƙonni wuta ta wuce 16. Regilater na cikin altarnater ne yal lalace, shina ta ɗura wuta ba tsayawa. Ke nan ba rashin caji kaɗai ka kashe batir ba, yawanshi ma kisa na. Ka duba ko naka ya kumbura ta gefe.

Abban Nana: Bai kumbura ba, babu wari. Sai wani farin gari da ya taru a kan kos ɗin −. Na gode, gobe in sha Allah zan kawo lambobin.

Abban Nana: Barkanku da safiya. Ga abin da na samu. Kafin in taɓa komai 11.9. Da ƙanena ya murɗa makulli ta faɗo 8 da wani abu, ƙat-ƙat, ba ta tashi ba. Yara suka tura. Da ta tashi 13.6. Na kunna kilim da fitilu ta sauko 13.1.

Taksiman Bukoki: Altarnater ne. Ka je Katako ka nemi na hannu mai kyau.

Alhaji Mai Batir: Kun gani? Batir ba shi da laifi.

Baba Sule Elektirisiyan: Ku duka biyu kun yi gaggawa. 11.9 ta ce batir fanko ne, ba ta ce ya lalace ba, ba ta kuma ce lafiyarsa ƙalau ba. Batir fanko ba a yi masa shari'a, sai an cika shi. 13.1 kuma ta yi ƙasa, za mu komo kanta. Amma akwai abin da ka faɗa tun farko da ya tsaya mini a rai: da farko sai ta kwana uku take ƙin tashi. Wannan alamar mai ɗiba da dare ce. Me ka ƙara wa motar nan a bana? Alam? Na'urar bin sawu? Rediyo?

Abban Nana: Rediyo mai ekran, irin mai Android ɗin nan, da kamarar baya. Wata huɗu ke nan.

Hajiya Mariyama: Wata huɗu rediyo, wata uku batir. Ni da ban san mota ba ma na ji ƙanshin magana.

Abban Nana: Subhanallah. Wallahi bayan an sa rediyon ne tsohon batir ya fara wannan hali, na ce tsufa ne don ya haura shekara biyu.

Baba Sule Elektirisiyan: Kada a kama ɓarawo da zato. Ga yadda za ka yi da yamma. Kashe mota, zare makulli, rufe ƙofofi da kofur, kapo kaɗai a buɗe. A mita, cire jan waya daga raminsa ka sa a ramin da aka rubuta 10 A, ka juya kan 10 A. Kwance kos ɗin −, shi kaɗai. Waya ɗaya a kan dalmar batir, ɗaya a kan kos ɗin da ka cire, yadda duk wutar da mota ke sha sai ta bi ta cikin mita. Ka jira kamar minti ashirin zuwa talatin, don kwamfutocin mota ba sa barci nan take. Mota mai lafiya ba ta wuce 0.05. Abu ɗaya: muddin mita na haɗe haka, kada kowa ya murɗa makulli. Demarer, mai murza inji ya tashi, na jan fiye da amper 100, mitarka 10 take ɗauka.

Habibu Mai Sola: Kuma in ka gama ka mayar da jan wayar raminsa na farko. Mutane da yawa sun ƙone mita don sun manta, suka ɗora ta kan batir tana kan 10 A.

Hajiya Mariyama: Kafin ya dawo, ni ma ina da tambaya. Tawa otomatik ce, ba ta turuwa, don haka tsoron batir nake kamar me. Direbana ya ce in batir ya yi sanyi a jefa masa asfirin a kowane rami. Gaskiya ne?

Baba Sule Elektirisiyan: Hajiya, batir ba ya ciwon kai. Ki bar wa direban ya sha.

Taksiman Bukoki: Asfirin ban sani ba, amma sauya ruwa na aiki. A zubar da tsohon, a zuba sabon asid. Na yi, ya ƙara mini wata biyu.

Habibu Mai Sola: Ya ƙara maka wata biyu ko ya rage maka wata shida, ba ka da yadda za ka sani. Ga abin da ke faruwa a ciki. Farantan dalma ne jiƙe cikin asid da ruwa. In batir na ba da wuta, wani sashe na asid ɗin na komawa jikin farantan ya zama farin gishiri, sulfat. In an yi caji gishirin ya narke ya koma cikin ruwa. In aka bar batir fanko kwana da kwanaki, gishirin ya daskare ya ƙi narkewa, wurin da ya rufe ya daina aiki. Shi ne batir da za ka ga ya cika da wuri ya kuma ƙare da wuri, kamar randar da rabinta laka ce. To ka zuba sabon asid, lakar na nan, sai dai ka ƙara wa ruwan kaifi ya ci farantan. Lambar mita ta ɗan ɗaga, ka yi murna, shi ke nan.

Alhaji Mai Batir: Nan kam yaron nan ya faɗi gaskiya. Kuma ku lura da kalmar "ruwan batir", tana ruɗa mutane. Akwai asid da ake zuba wa busasshen batir ranar farko, akwai tataccen ruwa, o distile, da ake ƙarawa in ya ragu. Mutum ya aiki yaro ya sayo ruwan batir, a ba shi asid. Abin da zafi ke kwashewa ruwa ne, asid na nan. Don haka ruwa kaɗai ake ƙarawa, har ya rufe farantan, ba a cika shi fal.

Ɗan Adar: Ruwan pampo hwa, Alhaji? Mu can in anka rasa shi muka zubawa.

Alhaji Mai Batir: Ruwan famfo da na rijiya da na leda duk suna da gishirin ƙasa a ciki, yana taruwa a kan faranti. Ruwan da ke ɗiga daga kilim na ɗaki ya fi su, in an tare shi a kwano mai tsabta aka tace, amma na lalura ne. Kwalbar o distile nawa take?

Hajiya Mariyama: Nawa ba shi da ramuka ma, wani ido ne kore.

Baba Sule Elektirisiyan: Idon nan ɗaki ɗaya yake kallo cikin shida, Hajiya. Yana iya zama kore alhali na kusa da shi ya mutu. Kuma ku daina mamakin batir da bai daɗe ba a garin nan. Turawa sanyi ke hana motarsu tashi, mu zafi ke cin batir ɗin a hankali. Afrilu da Mayu a Yamai inuwa ma ta haura digiri 40, balle ƙarƙashin kapo a cunkoson Gadar Kennedy da azahar. Ruwa na ƙafewa, farantan na zagwanyewa. Sai Disamba ta zo da ɗan sanyin asuba, mota ta ƙi tashi, a ce hunturu ne ya kashe shi, alhali tun bazara aka yi masa illa.

Abban Nana: Na dawo. Da na haɗa ta nuna 0.9, bayan kamar minti ashirin ta sauko 0.42 ta tsaya. Na jira rabin awa, tana nan 0.42.

Baba Sule Elektirisiyan: Ya ninka abin da ya kamata sau takwas. Akwai mai ɗiba. Yanzu fizibil, wato fis ɗin da ke kare layukan wuta. Ka zare su ɗaya bayan ɗaya, kana zarewa kana duba mita, kana mayarwa. Ka fara da akwatin ƙarƙashin kapo. In za ka shiga na cikin mota, ka danne maɓallin ƙofa don fitilar rufi kada ta ruɗa ka. Wanda ka zare lamba ta faɗi, layinsa ne. In ka zare duka ba ta faɗi ba, sai mu kwance babbar wayar altarnater, don diyod in ya lalace yana barin wuta ta koma baya mota na kashe.

Abban Nana: Na samu! Wani 15 A ne. Ina zare shi ta faɗo 0.03. Na mayar ta koma sama. Na sa hannu bayan ekran ɗin, da ɗumi, alhali mota ta fi awa a kashe.

Baba Sule Elektirisiyan: Rediyo na da wayar wuta biyu. Rawaya tana kan batir kullum, don ya riƙe agogo da tashoshi, abin da take sha ƙalilan ne. Ja kuma sai an murɗa makulli take samun wuta, ita ke ce masa tashi ko kwanta. Mai gaggawa sai ya murɗe su wuri guda ya jona kan wutar kullum. Ekran ya yi duhu ka ɗauka ya mutu, alhali cikinsa na aiki. Na kwance irin wannan ban san adadi ba.

Taksiman Bukoki: To an gama. Bagobiri ya sayi talabijin ya sa a mota, ya kashe batir biyu.

Habibu Mai Sola: Baba, a yi mini afuwa, ni lissafin bai cika mini ba. Daga Juma'a ƙarfe 6 na yamma zuwa Litinin ƙarfe 7 na safe awa 61 ne. Sau 0.42, wajen 26 Ah. Batir 60 Ah in da cike yake, saura fiye da rabi, ya kamata ya tayar da Corolla. Dare ɗaya kuwa, awa 12, 5 Ah ne kacal. Amma ya ce yanzu dare ɗaya ma ba ta kaiwa. Rediyo shi kaɗai ba zai yi wannan ba.

Taksiman Bukoki: Kai ɗan boko, an kama ɓarawo da kaya a hannu kana cewa lissafi.

Baba Sule Elektirisiyan: Bar shi, yana da gaskiya. Madalla Habibu. Shi ya sa na ce za mu komo kan 13.1. Ana ɗiba da dare, kuma da rana ba a cikawa. Abban Nana, tafiyarka ta kullum nawa ce?

Abban Nana: Yantala zuwa biro a Filato, minti goma in babu cunkoso. Da rana in ɗauko yara, in koma. Kilim a kunne koyaushe.

Baba Sule Elektirisiyan: Minti goma ba ta cika batir ɗin da ya faɗi ƙasa, ko altarnater sabo ne. Amma kafin a ɗora wa altarnater laifi, a ga ko wutar da yake bayarwa na isowa. Mayar da mita kan 20 V. Mota na aiki, kilim da fitilu a kunne. Jan waya kan babban goron bayan altarnater, baƙi kan jikin altarnater ɗin. Ka kiyayi fambel da fanka, ka naɗe hannun riga. Sannan gwaji na biyu: waya ɗaya kan dalmar −, ɗaya kan ƙarfen inji mai tsabta. Wannan na biyun bai kamata ya wuce 0.2 ba.

Abban Nana: A altarnater 14.1. A batir 13.1 kamar jiya. Tsakanin − da inji 0.7.

Baba Sule Elektirisiyan: To ka gani. Altarnater ɗinka lafiya lau, mai garuwa na kawo ruwa, a hanya yake zubewa. Mas ɗinka ne, wato wayar − da ke haɗa batir da jikin mota. Bi baƙar wayar daga batir har inda aka ɗaure ta a jikin mota da inji. Faɗa mini abin da ka gani.

Abban Nana: Baba, abin kunya. Kos ɗin − da hannu yake juyawa. An cusa ƙusa a gefensa don ya kama, na tuna ranar da aka sa batir yaron shagon ya buga shi da dutse. Da na ɗaga robar wayar, cikinta ya zama kore, wasu silin sun tsinke.

Alhaji Mai Batir: Buga kos da dutse na tsaga gindin dalmar, asid ya riƙa tsattsafowa, shi ne farin garin da ka gani. Ina hana yarana kullum. Ba a shagona ka saya ba dai ko?

Abban Nana: A'a Alhaji, kwantar da hankalinka.

Taksiman Bukoki: Ka zuba masa Coca-Cola, yana wankewa tas.

Baba Sule Elektirisiyan: Yana wankewa, ya bar maka sukari da tururuwa. Bikarbonat cikin ruwan ɗumi, in babu ka jiƙa kanwa, ita ma tana kashe asid. Ka goge da burushi, kada ko ɗigo ya shiga cikin ramukan batir. Ka ɗauraye, ya bushe. Wayar kuwa ba ta wankuwa, sabuwa za a sa mai kaurinta ko fiye, da sabon kos, a kankare wurin ɗaurin har ƙarfe ya yi haske. In an ɗaure sai a shafa ɗan giris a sama. Wajen cirewa − ne farko, wajen mayarwa − ne ƙarshe, don in sufana ta taɓa jikin mota kana kwance + kada ta yi walƙiya. Kuma ban da taba kusa da batir, musamman yana caji, iskar da yake fitarwa na kamawa da wuta.

Ɗan Adar: In an gyara, shi ɗauko hanya shi zo Tawa, kilomita ɗari biyat da wani abu, kamin shi kai Tsarnawa batir ya cika. Mu yanka mishi rago.

Baba Sule Elektirisiyan: Ragon dai a ajiye masa. Amma batir da ya faɗi 11.9 caja yake so, ba altarnater ba. A hankali, kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, wato amper 6, awa goma zuwa sha biyu. Ba irin cajin gaggawa na bakin titi da ake ɗura masa wuta awa ɗaya ya yi zafi ba. In wuta ta ɗauke a tsakiya, a ƙara lokacin. Bayan caji a ajiye shi ba a haɗe da komai ba, ya kwana, a auna. Sannan ne za mu san ko randar ma ta tsage.

Habibu Mai Sola: In wutar unguwarku ba ta zama, kawo shi wurina in ɗora shi kan fano na sola da regilater, yini biyu ya isa. Kada dai wani ya jona fano kai tsaye, babu regilater wutarsa na haura 18.

Hajiya Mariyama: Abban Nana, tsohon batir ɗin da ka zalunta yana ina?

Abban Nana: Na sayar wa masu sayen ƙarfe, Hajiya. Da na sani.

Hajiya Mariyama: Na tambaya ne don a bayan gidanmu akwai masu fasa su, su zubar da ruwan a ƙasa, su narka dalmar a fili, yara na wasa a wurin. Na yi magana har na gaji.

Habibu Mai Sola: Kada ki gaji Hajiya. A wata unguwa ta Thiaroye, gefen Dakar, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalma, daga wannan sana'ar ta fasa batir a cikin unguwa. Ƙurar ce ke shiga ƙasa da ɗakuna, yara su sa hannu a baki. Ki kai maganar wurin mai unguwa.

Hajiya Mariyama: Innalillahi. Zan je, in sha Allah, da maƙwabta biyu.

Abban Nana: Salamu alaikum, ga labari bayan kwana huɗu. An sauya wayar mas da kos. An raba ja da rawaya, yanzu ina zare makulli rediyo ke mutuwa, mita na nuna 0.03. Mota na aiki da kilim da fitilu, 14.0 a kan batir. Batir ya kwana a caji, da aka cire 13 da ɗoriya, washegari 12.5, yau kwana biyu a ajiye 12.4. Wajen tashi ya sauko 9.9, ta tashi bugu ɗaya. Yaran unguwa sun yi cirko-cirko, na ba su na alewa duk da haka.

Alhaji Mai Batir: Alhamdu lillahi. Wa ya ce jabu?

Baba Sule Elektirisiyan: Ba jabu ba ne, amma ya ji jiki. Batir ɗan wata uku ya kamata ya tsaya 12.6, kuma daga 12.5 zuwa 12.4 a kwana ɗaya ba tare da an haɗa shi da komai ba, ya yi sauri. Batir ɗin tayar da mota ba a yi shi don a riƙa kwashe shi har ƙasa ba, kai kuwa ka yi masa haka wajen wata biyu. Zai yi maka aiki, amma ban ba shi bazara biyu ba.

Taksiman Bukoki: To ya mayar tun garanti bai ƙare ba. Resi na hannunsa.

Alhaji Mai Batir: A'a fa. Garanti na aibin masana'anta ne. Motarsa ta kashe shi, mai shago ya biya? Wannan cin haƙƙi ne.

Taksiman Bukoki: Yaron shagon fa da ya buga dutse ya cusa ƙusa? Shi ba haƙƙi ya ci ba? Kai da bakinka ka ce dutse na tsaga gindin dalma.

Alhaji Mai Batir: Wannan kuma magana ce. In akwai tsaga a gindin, ya je ya nuna wa mai shagon cikin mutunci, ya faɗi gaskiyar batun rediyon, a raba asara. Ni in nawa yaron ne, haka zan yi.

Abban Nana: Na duba, akwai ɗan danshi a gindin − ko bayan na goge. Zan je ran Asabar in faɗa masa duka biyun. Baba Sule, sati mai zuwa ina da ɗaurin aure a Tawa. In tafi da shi haka, ko in haƙura in sayi wani?

Baba Sule Elektirisiyan: Ranar Alhamis ka biyo garaji da safe, kafin ka yi nisa, in sa masa na'urar lodi daƙiƙa 15. In ya tsaya sama da 9.6 ka tafi da shi, ka jefa kabul ɗin jona a kofur. Ka zo da mitar ƙanenka ma, ina so in ga ko tana faɗin daidai da tawa.

Ɗan Adar: Ka kira ni in ka wuce Badagishiri. Kabul ma akwai gare ni.